Gayyar Muntaka

"Ba zan yi miki dole ba," in ji Alhaji Sunusi. "Ke ba yarinya ba ce, kin yi aure, kin yi takaba. In ba kya son Ikrama, ki bar shi. Amma wanda ya tayar min da 'yan ƙwadago daga gona, ba da bakina za a ba shi ke ba."

Zuwaira na durƙushe a bakin tabarma, kanta a ƙasa. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka tun tana goye Uwata yake ce mata. Yau ya yi magana daga farko har ƙarshe bai faɗa ba.

"Baba, ba Muntaka ne ya tayar da su ba."

"Wa ya fara ajiye fartanya?"

"Shi ne."

"To."

Ya mayar da baƙin tabarau idonsa. Maganar ta ƙare ke nan.

Tun farkon damina da aka yi masa aikin yanar ido, likita ya hana shi rana da ƙura. Gonakinsa na garin Turawa, da fadamar shinkafa da masarar tudu, ya damƙa su ga Ikrama, ɗan ƙanwarsa da ya tashi a birni ya kuma yi aiki a wata babbar gonar kamfani. Abin da Ikrama ya faɗa a zaure, shi Alhaji ya sani.

Abin da ba a faɗa a zaure ba, Zuwaira ta sani, don ita ce a madafi.

A ƙasar nan yinin ɗan ƙwadago daga fitowar rana ne zuwa kiran azahar. Mai gona ya kai koko da hantsi. In an tashi ya sallami kowa a bakin gona, mutum ya biya ta kasuwa ya yi cefanen gidansa. Ikrama ya zo ya ce wannan wasa ne. Ya ja aiki zuwa la'asar a kan kuɗin azahar. Ya ce koko ɓarnar gero ce, ga tsadar taki. Biya kuma sai ƙarshen mako.

Mutanen ƙauyukan Fulatan da Gwangwan da ke zuwa aikin suka haɗiye, don tsakiyar damina ce, rumbuna sun yi ƙasa. Har ranar da Baba Sulle, dattijon da ya yi furfura a gonar nan, ya kife a kan kunya bayan azahar. Muntaka ya yar da fartanya, ya saɓa shi a kafaɗa zuwa bakin hanya, ya kai shi asibiti a Karaye aka yi masa ƙarin ruwa. Sauran suka bi bayansa. Ba wanda ya yi jawabi, ba wanda ya zagi wani. Ba su dai sake dawowa ba.

Sauran noman Ikrama ya ƙarasa shi da feshin maganin ciyawa. Amma feshi ba ya yankan shinkafa. Yanzu fadama ta nuna ta yi jawur, ta fara zuba, tsuntsaye sun gano ta, kuma duk mai lauje a ƙasar Karaye da Rogo ya san gonar da ba zai taka ba.

* * *

"Sai ki zauna kina kallon murhu," in ji Inna Hajjo, mahaifiyarta, tana tsince wake a faifai. "Ikrama ɗan uwanki ne. Ga mota, ga takarda. Shi wancan da me zai riƙe ki? Da lauje?"

"Yana da gonarsa, Inna."

"Gonar da akuya za ta tsallake ba ta sani ba?"

"Marigayi ma mai mota ne. Allah ya ji ƙansa, ban taɓa jin ya tambaye ni ko na gaji ba."

Inna ta ɗago ta dube ta, ta mayar da ido kan faifai.

"Shi wannan ya tambaya?"

"Shi kaɗai yake dawo da bokitin koko a wanke."

"Bokiti! Jama'a ku ji min. Za a yi aure a kan bokiti." Ta watsa wa kaji tsakuwa. "Tunda kin taɓo koko, buhunan geronki na tumunin takaba, wanda aka ba ki daga dukiyar marigayi, suna ina? Kin ɗauka ban ga Tasalla matar Sulle tana fita ta ƙofar baya da jarka kullum da hantsi ba?"

Zuwaira ta tura itace cikin murhu.

"Ikrama ya hana, ke kin ɗauki naki kina damawa. Abin da za ki sayar ki yi kayan ɗaki, kin zuba shi a cikin ƙattin Gwangwan."

"Da yunwa suke huɗa, Inna. Ni nake ganin matansu in sun zo surfe."

"Ban ce kin yi laifi ba, wauta na ce. Kuma kar ubanki ya ji. Jininsa ya hau, ke da Allah." Ta rage murya. "Ki saurare ni. Ki ce wa yaron nan ya dawo da mutanensa su yanke shinkafar nan. In ta shigo gida, ni na san yadda zan yi da Alhaji. In kuwa ta zube a ƙasa, ki cire shi a ranki har abada."

* * *

An hana Muntaka ƙofar gidan. Amma ba a hana Zuwaira duba mara lafiya ba, kuma kowa ya san bayan la'asar Muntaka kan biyo gidan Baba Sulle a bayan gari kafin ya kama hanyar Fulatan.

Ta same shi yana gyaran dangar da ta kwanta. Dogo ne, baƙi, rigarsa ta ƙoshi da rana. Ya gan ta ya sauke kai, ya share hannu a wando.

"Hajiya Zuwaira. Ina yini? Ya jikin Alhaji?"

"Da sauƙi. Kuma na hana ka ce min Hajiya, ban je ko'ina ba."

"Za ki je. Ni zan kai ki, ko a amalanke ne."

Ba ta yi dariya ba. Ya ajiye igiyar da ke hannunsa.

Ta faɗa masa abin da Baba ya ce, da abin da Inna ta ce. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

"Suna jin maganarka, Muntaka. In ka ce su fito, za su fito."

"Za su fito."

"To ka ce."

"A kan wane yini? Na azahar ko na la'asar?"

"Na sati ɗaya ne kawai!"

"Baba Sulle ma sati ɗaya aka ce masa." Ya yi magana a hankali. "Zuwaira, kin san abin da ake ji tsakanin azahar da la'asar? Ƙasa tana hura wuta ta tafin ƙafa. Idonka yana ganin kunya biyu. Ka tashi ka tafi gida hannu wofi, yara su tare ka a ƙofa su dubi hannun. In na ce su koma a kan haka don a ba ni mata, na sayar da su ke nan. Ke ce kuɗin."

"Ni ce kuɗin?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka faɗa." Hawayen da ta riƙe tun safe suka ƙwace. Ba ta share ba. "Kowa yana da abin da ba zai iya ba. Baba ba zai iya janye maganarsa ba. Kai ba za ka iya kunyata abokanka ba. Ni kaɗai ce zan iya komai. Na iya takaba, na iya zaman gida ana nuna ni, yanzu in iya rabuwa da kai."

"Kar ki ce haka."

"Shekarata nawa kake gani? In shinkafar nan ta zube, Baba zai dube ta ya ga fuskarka a ciki har ya koma ga Allah. Ka gaya min, in jira me?"

Muntaka ya dubi dangar. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Wallahi da hannuna biyu za su iya, da na shiga fadamar nan ni kaɗai, ko sisi ba na so. Amma ba zan tura wani ba. In na yi, ranar da aka kawo ki ɗakina ke za ki fara raina ni."

Ta san gaskiya ne. Shi ya sa kukan ya ƙaru.

"Kun gama?"

Baba Sulle ne a bakin ɗaki, yana dogara sanda, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Tasalla na bayansa da kujera.

"Tun ɗazu nake son in yi barci, kun hana. Zauna, 'yata. Kai kuma dogon banza, dangar ma a karkace ka ɗaure ta." Ya zauna da ƙyar. "Kuɗin Manaja Ikrama ba ma so, wannan an gama. Amma wa ya ce sai da kuɗi ake shiga gona? Gayya za mu yi."

"Gayyar wa?" in ji Muntaka.

"Taka mana. Wace gona ce daga nan zuwa Gwangwan ba ka yi wa mai ita gayya ba? Wa ka taɓa ce wa ba ka da hali? Ka kira, ka ga in fadamar za ta ɗauke mu."

"Baba Sulle, ka fi ni sani. Saurayi ba ya kai gayya gonar uban yarinya sai an ba shi. In ganga ta shiga gonar nan da sunana, gidan kuma suka dafa abinci, gari ya shaida an ba ni ke nan. Ni kuwa ba a ba ni ba."

"Sai mu nemi izini. Wa ke riƙe da gona?"

Kowa ya san Ikrama ne. Tasalla ta rufe baki da gefen zane.

"Wannan wayo ne," in ji Muntaka.

"Da Hausa tsantsa zan gaya masa: gayyar Muntaka za mu kawo gonar Alhaji. In bai gane ba, ba ni na raine shi ba."

Zuwaira ta share fuska. "Baba Sulle, mutanen da aka cuta, su zo su yi aiki kyauta a gonar da aka cuce su?"

Tsohon ya dube ta ya daɗe.

"Ranar da na faɗi, likita ya tambaye ni me na ci. Na ce koko. Ya ce shi ya riƙe ni, da ba don shi ba da gawa aka kawo. Tasalla ta gaya mana geron wa muke sha, tun a makon farko. Ba mu da abin ba ki, 'yata. Lauje muke da shi."

* * *

Washegari da yamma Ikrama ya shigo tsakar gida yana kaɗa makullin mota, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

"Inna, kin ga abin da nake faɗa? Haƙuri kawai ake yi da mutanen nan. Sun sauko! Tsohon nan da kansa ya zo ya same ni. Jibi za su yanke fadama duka, kuma kyauta."

Inna Hajjo ta tsaya da tankaɗe. "Kyauta?"

"Wai gayya. Wai ta wannan Muntakan. Ina jin hanyar ba da haƙurinsa ce. Na ce bismillah, ku zo har da kakanninku." Ya juyo ga Zuwaira yana murmushi. "Ƙanwata, abinci kawai suka ce a dafa. Ki yi musu mai yawa, yau ba na ƙyashi. Kin ga yadda ake riƙe gona? In kin zo gidana ba za ki ƙara shaƙar hayaƙin nan ba."

"Yaya Ikrama, ka san mece ce gayya?"

"Aikin taimakon kai da kai mana. Mun karanta."

"Ka gaya wa Baba?"

"A'a, kar wanda ya gaya masa. So nake kawai ya ji buhuna suna sauka a zaure."

Ya fita yana waya. Inna ta bi bayansa da kallo, sannan ta dubi 'yarta.

"Ni ban ji komai ba," ta ce. "Ke ma ba ki ji ba. Ki yi shiru jibi ta zo ta wuce. In gari ya shaida, ubanki ba zai tsaya gaban mutane ya ce ƙarya ne ba."

Zuwaira ta ɗauki tukunya ta ajiye. Ta sake ɗauka. Abin da take roƙo a sujada ga shi an kawo mata har madafi, abin da ake so a wurinta kawai ta rufe baki kwana biyu.

Ta wanke hannu ta nufi ɗakin mahaifinta.

"Ke! Zuwaira!"

Ba ta juyo ba.

* * *

Alhaji Sunusi na zaune da carbi, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Ta yi sallama ta durƙusa a inda ta durƙusa jiya.

"Baba, jibi za a kawo gayya fadama. Da sunan Muntaka. Yaya Ikrama ya ba da izini, bai san abin da ya bayar ba."

Carbin ya tsaya.

"Da ganga?"

"Da ganga."

"Ke kuma aka ce ki dafa."

"Eh."

Ya kashe rediyon. "To me ya kawo ki? Da kin yi shiru ai kin samu."

"Ba na son in shiga gidan miji ta bayan idonka, Baba. In ka ce a'a, yanzu zan aika a ce kar su zo." Ta gyara durƙuso. "Shinkafar ce dai ban san yadda za a yi da ita ba."

Ya ajiye carbin a kan tabarma.

"Abu ɗaya ne ban gane ba. Mutanen da suka ƙi kuɗina, me zai sa su zo min kyauta? Don dogon yaron nan kawai?"

"Baba Sulle ya ce koko za su biya."

"Wane irin biyan koko? Koko ai haƙƙinsu ne. Tun zamanin ubana ba a taɓa biyan koko a gidan nan ba."

"An daina kai shi tun noman farko, Baba."

"An daina?"

"Aiki kuma sai la'asar. Biya sai ƙarshen mako."

Ya cire tabarau. Idon da aka yi wa aiki yana ruwa, bai damu ba.

"Ni aka ce min an gyara tsari. Na ce Allah ya yi albarka." Ya juya tabarau a hannu. "To in an daina, wanne suka sha da za su biya?"

Zuwaira ta dubi tabarma.

"Geronta ne."

Inna Hajjo ce a bakin ƙofa, hannunta da garin tankaɗe.

"Na tumunin takaba. Ta dama shi tas, ko tiya ba ta rage ba. Ni na ce a ɓoye maka saboda jininka. In faɗa ne, ni za ka yi wa."

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa, ya mayar da tabarau.

"Ku tashi ku ba ni wuri."

"Baba, in aika ko kar in aika?"

"Na ce ku ba ni wuri."

Washegari bai ce komai ba. Bai kira Ikrama ba, bai kira ta ba. Sai da rana ta yi sanyi Inna ta shigo madafi ta ajiye mata makullin rumbu a cinya.

"Ya ce a auna daga nasa."

"Me kuma ya ce?"

"Shi ke nan abin da ya ce. Kar ki sa rai, kar ki cire."

* * *

Tun gari bai gama wayewa ba aka fara jin baburan Fulatan da Gwangwan suna wucewa, kowanne da mutum uku, lauje a saɓe. Da hantsi Zuwaira da Tasalla da matan unguwa suka isa fadama da koko da ƙosai, suka tarar an ci kusan rabi.

Ba ta taɓa ganin gonar haka ba. Maza sun jeru daga wannan gefe zuwa wancan, ganga na bayansu, shinkafa na kwanciya. Wasu na ɗauka, wasu na bugu a kan tamfol, mata na shiƙa. Baba Sulle na ƙarƙashin mangwaro yana ba da umarnin da ba mai ji.

"Ga mai koko nan!" wani ya yi ihu.

Laujuna suka ɗaga sama gaba ɗaya. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"A yi a hankali da ludayi," in ji wani ɗan Gwangwan. "Dogo zai wanke bokiti, kar a ba shi wahala."

Muntaka na can tsakiya bai ɗago ba, amma ta ga kunnuwansa sun motsa.

Ikrama na jingine da mota yana ɗaukar hoto da waya. Yana cikin dariya makaɗi ya juya kiɗa, ya fara wasa Muntaka: dogo na Fulatan, surukin Alhaji, angon mai koko. Matan shiƙa suka rangaɗa guɗa.

Wayar ta sauko a hankali.

Zuwaira ta ga ya nufi Baba Sulle, ta ga tsohon yana masa bayani da hannu biyu, cikin ladabi. Ta ga Ikrama ya shiga mota ya fisge ta.

Ana gab da azahar motar ta dawo. Ikrama ya fito da jaka a hannu, ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar. Alhaji Sunusi ya sauko da baƙin tabarau, da rawani ya rufe masa rabin fuska.

Ganga ta mutu.

"Kawu, ga su nan," in ji Ikrama. "Yaudarata suka yi. Amma na tambaya, an ce in aka biya su ba gayya ba ce, ƙwadago ne. Ga kuɗi na ciro. A biya kowa yanzu, har da ƙari, magana ta mutu."

Gaskiya ya faɗa. Kowa a fadamar ya sani. Zuwaira ta dafa kafaɗar Tasalla.

Alhaji ya miƙa hannu. Ikrama ya ba shi jakar.

Ya taka a hankali cikin kututturan shinkafa, ya wuce buhunan da aka jera, ya tsaya gaban Baba Sulle. Tsohon ya yunƙura zai durƙusa, Alhaji ya riƙe shi.

"Sulle, ka faɗi a gonata ban zo ba."

"Ba ka da lafiya, Alhaji."

"Ido aka yi min aiki, ba kunne ba. Da na tambaya da na ji." Ya ɗora masa jakar a hannu. "Riƙe."

Ba wanda ya motsa. Muntaka ya sunkuyar da kai, laujensa ya faɗi ƙasa.

"Wannan na damina ne," in ji Alhaji, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen gona zai ji. "Na tsakanin azahar da la'asar da kuka yi ba a biya ku ba. Ka raba, ka fi ni sanin wanda ya yi. In bai kai ba ka same ni a zaure." Ya juya ya dubi fadamar da aka kusa sharewa. "Na yau kuwa ba ni da kuɗin biyansa. Sai dai in ce na gode. Allah ya saka, Allah ya raya muku zuri'a."

"Amin!" fadama ta amsa.

"Kawu!"

"Kai ma na gode, Ikrama. Ka riƙe min gona lokacin da ba na gani, ba ka ci min ko ƙwaya ba. Laifin nawa ne da na ba ka gona ban ba ka mutanenta ba."

Ikrama ya dubi Zuwaira sau ɗaya. Ya koma mota ya zauna, bai tayar ba.

Baba Sulle ya gyara hula. "Alhaji, ranka ya daɗe, gayya dai yini ɗaya ce. Ga masara can a tudu tana jira."

"Kai dai ba ka canzawa."

"Tsufa ne ya hana."

"Azahar a tashi. Koko da hantsi, daga rumbuna. Kowa a sallame shi a bakin gona. Akwai saura?"

"Sai abu ɗaya." Ya nuna da sanda. "Dogon can ya yar da laujensa, ban san me yake jira ba."

Alhaji bai dubi Muntaka ba. Ba a duban suruki a gaban jama'a.

"Ka ce wa manyansa ina gida ranar Juma'a."

Guɗa ta tashi, ganga ta farka. Daga masallacin gari aka fara kiran azahar, kuma saura 'yar kusurwa ɗaya ba a yanke ba. Wasu suka sunkuya za su ƙarasa.

"A'a!" in ji Alhaji. "An kira. A ajiye."

"Alhaji, ɗan wannan?"

"Ko zangarniya ɗaya ce. Gobe na biya a yanke."

Suka ajiye suna dariya. Zuwaira na tsugune bayan jarkoki, ta kasa tashi, ta kasa kuka, tana ta faɗin alhamdulillahi ba ta san tana faɗa ba. Inuwa ta rufe ta. Ta ga takalman mahaifinta, duk sun yi taɓo.

"Kokon nan ya yi saura?"

"Ya huce, Baba."

"Zubo haka, Uwata."

Da ta ɗebo, rabin ludayin ya zube a ƙasa. Ya karɓi sauran ya sha a tsaye, a kofin da 'yan ƙwadago suka sha. Da ya gama ya duba bokitin ya ga ba komai a ciki, sai ya ɗauka ya miƙa gefe ba tare da ya juya ba.

Muntaka ya karɓa da hannu biyu, ya nufi rafi.